Burin Yaranmu A Ƙarshen Shekara: Takardar Da Iyaye Ba Sa Gani

Yau dai ba ci gaban labari na kawo muku ba, don haka waɗanda suka ƙagu su ji yadda za ta kaya su yi mini afuwa sai wani jiƙon. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita tun shekara ba ta ƙarasa fita ba.

Duk shekara, da zarar Disamba ta raba, sanyi ya sauko, hazo ya lulluɓe gari, makarantu sun ba da hutun zangon farko, akwai wani abu da yaranmu 'yan shekara 15 zuwa 19 suka tsiro da shi wanda mu a zamaninmu ba mu saba da shi ba. Sai ka ga yaro ko yarinya an samu bayan littafin rubutu, ko cikin waya, an zauna an jera abin da aka yi a shekarar da ke ƙarewa, sannan a ja layi a jera abin da ake son yi a mai kamawa. Wasu su ɗora a WhatsApp abokai su gani, wasu kuma, musamman 'yan mata, su ninke takardar su cusa ƙasan akwati. Manyan da suke cin karo da irin wannan takarda kuwa kashi biyu ne. Akwai masu dariya su ce yarinta ce, kafin Janairu ta ƙare an manta. Akwai kuma masu ɗaure fuska su ce kwaikwayon Nasara ne. Ni kam ba na cikin ko ɗaya. Abin da yake damuna da takardar nan shi ne, mafi yawan abin da ke cikinta ba a hannun mai rubutun yake ba, shi kuma wanda abin yake hannunsa bai ma san an rubuta ba.

Bari in fara sallamar masu cewa kwaikwayo ne. Biki daban, lissafi daban. Ban ce yaro ya fita titi daren 31 ga Disamba yana ƙona taya da buga nokawut ba, wannan ko a gidanmu ba a yarda da shi ba. Amma mutum ya zauna ya yi wa kansa hisabi ai namu ne tun fil azal, malamai ma suna da sunan da suke kiransa, wato muhasaba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari idan shekara ta zagayo wa dukiyarsa yakan ƙirga kaya ya fitar da zakka, manomi kuma da kaka yake ƙirga dami ya san ko zai kai baɗi. Wanda ya ga dama ya yi nasa lissafin a Muharram, watan cika-ciki, wannan ma ya fi. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaron yau shekara uku yake rayuwa a cikinsu lokaci guda. Ga ta Hijira mai kwana 354 wadda take tsara masa azumi da Sallah, ga ta makaranta da take farawa a Satumba ta ƙare wajen Yuli, ga kuma ta Janairu zuwa Disamba wadda hukumomin jarrabawa suke aiki da ita. Hukumar JAMB a farkon shekara take sayar da fom, a zauna jarrabawar wajen Afrilu, WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, NECO ta rufe a Yuni da Yuli. Ga ɗan aji shida na sakandare, hutun Disamba shi ne mararraba ta ƙarshe. Duk shawarar da ba a yanke ba a wannan hutun, to lokaci ne zai yanke ta da kansa.

Akwai kuma wani abu da ban ga mutane sun lura da shi ba. Da yake watannin Musulunci suna jawowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara, a 2025 azumi a watan Maris ya kama, Sha'aban ya faɗo a Fabrairu. Kowa kuwa ya san yadda muke da Sha'aban, watan rububin ɗaurin aure ne, kowa yana son amarya ta tare kafin a ɗauki azumi. To a daidai wannan watan ne a waccan shekarar ake layin yankar fom ɗin JAMB. Ke nan a gida ɗaya, a wata ɗaya, ana iya samun lissafi biyu suna tafiya a kan yarinya ɗaya, nata da na mahaifinta.

Kafin in kai ga iyaye, ku ma yaran ina da magana da ku, don kada ku ce Anti ta goya mana baya mu yi ta sharholiya. Na sha ganin irin takardun nan, kuma ɓangaren waiwayen baya shi ne kullum gurgu. Layi biyu ne, "Alhamdulillah na ga jarrabawa kala-kala, na gane masoyana na gane maƙiyana," shi ke nan an tsallaka. Wane maƙiyi gare ki a shekara 16, 'yar nan? Waiwaye shi ne ki ɗauko sakamakon zango ukun da suka wuce ki duba Lissafi nawa kika ci, ki duba a wace sura kike a Islamiyya bara war haka, yau kuma kina ina, ki tuna kuɗin data nawa kika ƙona. Kai ma ɗan samari haka. Yawancinku ba ku manta da 2024 ba, shekarar da aka yi ta dangwalar waya dare da rana ana mainin ɗin Hamster Kombat, har wasu suna zaɓen kalar motar da za su saya, da aka fashe a watan Satumba kuwa abin da akasarin mutane suka samu bai taka kara ya karya ba. Ban ga laifin wanda ya gwada ba, neman halak ne a ganinsa. Amma watannin nan da suka tafi suna da haƙƙin a rubuta su a takardar ƙarshen shekara, a ce ga abin da suka ci, ga abin da suka kawo.

Haka ɓangaren buri. "In sha Allahu bana zan haddace Alƙur'ani." Madalla, Allah Ya amsa. To amma izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, ka ga sumuni 480 ke nan, shekara kuma ba ta kai kwana 370 ba. Ko kullum ta Allah kana haddace sumuni guda, babu Alhamis babu Juma'a, babu zazzaɓi babu jarrabawa, ba za ka kai ba. Wanda ya rubuta izu biyar ya tsaya a kansu da tilawa, wallahi ya fi ka lissafi. "Zan ci 300 a JAMB." Allah Ya sa. Amma ka sani maki 400 ne gaba ɗaya a darussa huɗu, kuma a 2025, cikin kimanin mutum miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Ba don in karya maka gwiwa na faɗa ba. So nake ka ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin burin, ka rubuta awa nawa za ka riƙa karatu, da wane littafi, kuma a ina za ka koyi danna kwamfuta, tunda tun 2015 da ita ake rubuta jarrabawar, ga yaranmu da yawa sai ranar suke fara taɓa ta.

Waɗannan duk gyara ne mai sauƙi, domin suna hannun yaro. Tashi sallar asuba, rage hira, hadda, karatu, daina yi wa ƙanne tsawa, babu wanda zai hana ka. Inda gizo ke saƙar shi ne sauran layukan. Zan shiga jami'a. Zan karanci aikin jinya. Zan koyi ɗinki. Zan buɗe teburin POS. Zan tafi Abuja neman kuɗi. Ba zan yi aure bana ba. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wani babba da yake riƙe da makullinsa, ko da aljihunsa ko da bakinsa. Har hukuma tana da nata hannun a ciki. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, kafin shekarar ta fita wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mai da ita 16. Yaran da abin ya shafa suna zaune a ɗaki aka ɗaga shekararsu sama aka dire. Wancan babu yadda za mu yi da shi. Amma na cikin gida fa?

Wata yarinya a maƙwabtanmu, 'yar aji shida, da take shigowa aron littafi, ta taɓa nuna mini tata takardar. Abu bakwai ta rubuta da jan biro, har da zanen fulawa a gefe. Ta ci NECO, ta ci JAMB, ta samu makarantar koyon aikin jinya, ta kai izu goma, ta koyi haɗa turaren wuta don ta riƙa sayen sabulu da kanta, ta daina faɗa da 'yan ɗakin kishiyar uwarta, ta rage kallon TikTok. Na ce, "Masha Allah. Baba ya gani?" Ta zaro ido ta ce, "Wai! Anti, ni in tunkari Baba da wannan?" Na ce, "To Umma fa?" Ta ce Umma ta san tana son karatu, amma ba su taɓa zama a kan maganar ba. Abin da ita ba ta sani ba, ni kuma na sani ta bakin uwar, shi ne magana ta yi nisa tsakanin mahaifinta da wani abokin kasuwancinsa, har an ce bayan ƙaramar Sallah za a kawo kuɗin gaisuwa. Mahaifin nan ba azzalumi ba ne, mutumin kirki ne mai son 'ya'yansa, shi a ganinsa gata yake shirya mata. Bai taɓa jin ta ce tana son wani abu ba, ita kuma ba ta taɓa jin an tambaye ta ba. Tsakanin ɗakinta da turakarsa bai fi taku goma ba.

Me ya hana maganar? Kunya. Kuma ni ba na cikin masu zagin kunya, ado ce, da ita aka san mu. Mu ne fa mutanen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya sakin fuska da shi a gaban mutane. A gidaje da yawa hirar uba da 'yarsa budurwa ba ta wuce "Ina kwana Baba" da "Lafiya lau, Allah Ya yi albarka." Sai dai su magabatan da suka gadar mana da kunyar ba su bar ta haka kara zube ba, sun yi mata ƙofofi. Akwai kaka, wadda jika zai faɗa mata komai cikin wasa, ita kuma ta kira ɗanta ta ba shi umarni. Akwai gwaggo, wadda take iya zama gaban ɗan'uwanta ta faɗa masa abin da matarsa ba za ta iya ba. Akwai kawu, akwai uwar ɗaki, akwai aminin uba. Abin da ya faru shi ne zaman birni ya tarwatsa babban gida, kaka tana ƙauye, gwaggo tana wata unguwa sai biki ko suna ake haɗuwa, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Ƙofofin sun toshe, kunyar kuma tana nan daram. Shi ya sa yarinya ta koma faɗa wa takarda, ko ƙawa, ko wani baƙo a waya wanda ba a san asalinsa ba, wannan na ƙarshen kuwa kowa ya san inda yake kaiwa.

Malamai sun karantar da mu cewa budurwa ana neman izininta kafin a aurar da ita, kuma saboda nauyin baki shirunta yana zama amsa. Wannan rangwame ne aka yi wa mai so da kunya ta hana ta furtawa. Amma ai sai an tambaya tukuna ake sauraron shirun. Mu kuwa mun ɗauki shirun da ba a yi tambaya a kansa ba mun mai da shi yarda, a aure, a karatu, a sana'a, a komai.

Ita waccan yarinyar gwaggonta ce ta shiga maganar, bayan uwar ta je ta same ta. An kai ruwa rana, domin mahaifin ya riga ya ba da baki, kuma dattijo ba ya son a ce ya yi magana biyu. Daga ƙarshe aka tsaya a kan za a bari ta rubuta jarrabawarta, biki sai bayan Babbar Sallah, mijin kuma ya yi alkawarin za ta ci gaba a ɗakinta. Ba duk abin da ta rubuta ta samu ba. Amma da takardar ta kwana a akwati har Sallah, ko zauren jarrabawar ba za ta gani ba.

Tunda na ambaci alkawarin miji, bari in ɗan tsaya a nan, don na ga mata da yawa sun faɗa wannan ramin. Saurayi a zaure, da daddare, yana ƙamshin turare, babu abin da ba zai ce ya yarda ba. Ko cewa kika yi za ki karanci tuƙin jirgin sama zai ce shi zai kai ki filin jirgin. Wannan ba alkawari ba ne, zance ne. Idan da gaske ake, a faɗe shi a gaban waliyyai ranar da aka zo sa rana, manyansa su ji, manyanki su ji, a faɗi wace makaranta, wa zai biya, kuma idan ciki ya zo yaya za a yi. Wanda ya ji nauyin maimaita maganar a gaban kawunsa, to dama bai yi niyya ba.

Kada a ce na karkata ga mata. Na samari ma akwai, sai dai nasu sau da yawa a juye yake. Na san gidan da uba ya yanka wa ɗansa fom ɗin JAMB sau uku, yana biyan kuɗin lesin, yana cin bashi, shi burinsa a ce ɗansa yana Jami'ar Bayero. Yaron kuwa tun yana aji huɗu zuciyarsa tana Farm Centre wajen masu gyaran waya, hannunsa yana da basira, duk wayar da ta lalace a layinsu shi ake kawo wa. Ya ga yayyensa sun yi zaman wata takwas a gida lokacin yajin aikin ASUU na 2022, ya ga mai digiri yana jan adaidaita sahu, ya yanke hukuncinsa shi kaɗai a zuci. Amma ba zai iya kallon idon mahaifinsa ya ce ba ya so ba, sai ya riƙa zuwa lesin ɗin yana zama a bencin baya yana jiran a tashi. Shekara uku da kuɗin fom uku suka tafi a kan maganar da ba ta fi ta minti goma ba. Ban ce yaron ne mai gaskiya ba, wataƙila da an zauna uban ya nuna masa yadda zai haɗa biyun, safe makaranta yamma kasuwa, kamar yadda dubban samarin Kano suke yi. Ga kuma yaran shago da masu koyon sana'a, waɗanda ba su da aji balle hutu. Su burinsu layi ɗaya ne, ubangida ya sallame su. Nawa ne a cikinsu aka taɓa zama tsakanin iyayensu da ubangidan aka ce shekara kaza zai yi, ga abin da za a ba shi in ya gama?

Na san abin da iyaye za su ce, don ni ma na haifa. Za su ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a miƙa wa yaro linzami ba. Tambaya ba ta nufin an yarda. Kana iya sauraron ɗanka har ya gama ka ce masa a'a, ga dalili, kuma a'ar da aka faɗa da dalili a Disamba ta fi wadda yaro zai tsinta a bakin 'yan kawo lefe. Za su kuma ce babu kuɗi, wannan ma ba ƙarya ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, komai ya bi ta. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, fom ɗin JAMB kaɗai kuwa a 2025 ya haura 7,000, ban da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa da na hoto da sauran tarkace. Magidanci mai 'ya'ya takwas dole ya yi ta maza. To ai wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata ya ji da wuri. Uban da aka faɗa wa a Disamba yana iya shiga adashi, ya ɗaga buhu ɗaya daga abin da ya noma, ko ya taɓa ɗan'uwa. Wanda aka tara ana saura kwana uku a rufe fom kuwa, a'a zai ce, kuma aljihunsa ne ya yi maganar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai ma abubuwan da ba kuɗi suke buƙata ba, lura kawai suke so. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma yaro nawa ne sunansa a katin ya saɓa da na makaranta, a nan Muhammad a can Mamman, a nan sunan uba a can sunan gari? Gyaran yana cin lokaci, hutun nan ne lokacinsa. A Kano gwamnati ta daɗe tana shirya jarrabawar kwalifayin ga 'yan aji biyar na makarantunta, ta biya wa waɗanda suka haye kuɗin NECO. Wanda bai haye ba ya san kuɗin ya dawo kan gida, amma sau da yawa tsoro yakan sa ya ɓoye har sai an kusa rufewa. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 kuwa sai wanda ya riga ya samu gurbi a babbar makarantar gwamnati, ba ya biya wa kowa kuɗin jarrabawar fita sakandare. Wannan tsanin na farko a wuyan gida yake.

Wani zai ce ke marubuciyar littattafan soyayya me ya kai ki wannan magana, ba ku ne kuka cika musu kai da mafarki ba? Wannan zargin mun saba da shi. A 2007 har tara littattafanmu aka yi a Kano, waɗanda aka ƙwace daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, aka cinna musu wuta. An buɗe akwatunan yaran an ga abin da suke karantawa, amma ban ji an zaunar da su an tambaye su me suke so su zama ba. Mu kuwa da muke sa adireshi, daga baya lambar waya, a bangon littafi, mun san abin da yake zuwa mana. Wasiƙa bayan wasiƙa, kusan duk da buɗewa iri ɗaya, Anti don Allah ki ba ni shawara, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yarinya tana Gusau ko Azare ko Maraɗi, ta tsallake uwa da uba da gwaggo ta rubuto wa matar da ba ta taɓa gani ba. Kuma ba yau aka fara kukan ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, tun 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a kan wannan matsalar. 'Yan matan da suka karanta shi a ɓoye a lokacin su ne iyayen yau, wasu ma kakanni. Abin mamaki, da yawansu sun manta yadda shirun nan yake da ɗaci.

Don haka ke 'yata, kai ɗana, idan kun gama jera burin, ku sake bi layi-layi ku sa alama a kan duk wanda sai da yardar wani zai yiwu, ku rubuta sunan mai yardar a gefe. Sannan ku nemi ƙofar da za ku bi. In Baba yana da kwarjini, a bi ta Umma. In Umma ba ta da baki a gidan, a bi ta Hajiya kaka ko gwaggo ko yaya babba, ko malamin Islamiyyar da Baba yake jin nauyinsa. A je da ladabi, a durƙusa, a zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba lokacin da ya shigo da gajiyar kasuwa ba, kuma a je da lissafi a hannu, ga abin da nake so, ga kuɗinsa, ga ranar da za a rufe, ga abin da ni zan iya kawowa daga ɗan kitso ko ɗan aikin da nake yi. Uba yana jin maganar da ta zo da lamba fiye da wadda ta zo da kuka. Ku kuma iyaye, in abin ya yi muku nauyi ku tambaya da bakinku, ku aika. Ai ko neman aure aike ake yi.

Idan kuma an zauna an ce a'a, aure za a yi, ko kasuwa za a tafi, to akwai abu ɗaya da nake roƙon a bar wa yaro ko da an hana shi sauran, wato ya zauna jarrabawar fita sakandare. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in ba a samu gurbi da shi ba ya tafi, sai an sake yankar wani fom ɗin. Amma takardar WAEC ko NECO ba ta ruɓewa. Mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi tana iya ajiye ta ƙasan adudu ta yi goyo uku, ranar da hali ya yi, ko miji ya sauko, ko zaman ya ƙi, ta ɗauko ta nufi kwalejin ilimi ko makarantar jinya ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta ɗora daga inda ta tsaya. Na zauna da matan da suka yi hakan suna da shekara 30 da ɗoriya. Na kuma zauna da waɗanda aka cire ana saura wata huɗu jarrabawa, su sai dai su koma aji da sa'o'in 'ya'yansu, ko su biya kuɗin ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, bayan karatun ya riga ya gudu daga ka. Daga Janairu zuwa Yuli wata bakwai ne kacal, kayan ɗaki ma sukan ɗauki fiye da haka kafin a gama haɗa su.